Mun Bi Ruwa a Kan Dutse

Mu mutanen Jazira ba mu san hawa ba. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma. In ka tsaya a bakin ƙauyenmu da hantsi, kana iya hango baƙon da zai iso bayan la'asar, har ka gane ko ya riƙo tsaraba ko hannu kawai yake kaɗawa. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne bayan lori, shi ma sai da ƙarti suka tallafo ni ta baya, don wajen jiki Allah bai rage ni da komai ba.

Abin da muka sani shi ne ruwa. Daga madatsar Makwar yake tasowa, ya bi babbar tur'a, wato magudanar da aka haƙa masa, ya rarrabu ƙanana har ya shiga gonar kowa. Tun yaro bai iya ɗaura wando ba ake gaya masa: in ka ɓata cikin dawa ko auduga, kada ka yi kuka, nemi ruwa ka bi shi, zai kai ka wurin mutane. Ban taɓa jin wanda maganar nan ta ba kunya ba. A ƙasarmu ke nan.

Shekarar da yaƙi ya iso mu, muka kwashi abin da ya kwasu muka yi kudu, har wani ƙauyen Hausawa can bayan Rusairis inda dangin kakarmu ke noma. Mun fito da Inna mahaifiyata, da mata, da yara. Wanda ba mu fito da shi ba shi ne autanmu, mai tuƙa raksha, keken haya mai ƙafa uku, a Madani. Ranar da gari ya rikice yana can. Daga nan shiru.

Inna ta yi haƙuri har damina ta kusa ƙarewa. Kowa ya zo gaisuwa sai ya kawo mata labari mai daɗi: wannan ya ce an ga Auta a Sinnar, wancan ya ce an gan shi a Suki yana shan shayi. Tun tana amsawa har ta daina. Wata safiya aka ajiye mata asida, tuwonmu na dawa, ta ture kwanon da bayan hannu. Washegari ma haka. Ruwa kawai take kurɓa, ta koma ta kwanta a kan angarib, gadonta na igiya, ta juya fuska ga zana. Tsohuwar da a da muryarta ke tashin kajin maƙwabta, yanzu sai ka sunkuya kafin ka ji ta.

Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ni jikina na ba ni Auta na nan lafiya. Wataƙila ma ya yi aure, ya sayi lori."

Ta ce, "Kai in ka ce rana ta hito, sai na leƙa waje na gani. Muryatai nika so. Da kunnena."

Ba ta zalunce ni ba. A gidanmu an san ni: in na ce na kama kifi kamar raƙumi, sai a cire raƙumin, wani lokaci har da kifin.

Ƙauyen ba shabaka, wato waya ba ta kamawa ko ka hau kan rumbu. Wuri ɗaya ne take kamawa, kan dutsen da ke bayan gari. Ba dutse ne da ake labarinsa ba, ko suna ba shi da shi, mutanen wurin "Dutsi" kawai suke cewa. Manyan duwatsu ne baƙaƙe masu sulɓi, an ɗora wani kan wani kamar yadda mata ke jera tukwane, ba mai hawansa sai awaki da agwada da samarin gari. Samarin kuwa duk sun tafi yankan riɗi a manyan gonaki.

Sai ni da taubashina. Ɗan kawuna ne, yayan Inna ya haife shi, don haka tun muna yara yake ce min bawansa. Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Wayarsa tana ɗaukar murya in ana magana, to ita za mu hau da ita, mu kira Auta, in Allah ya sa ya ɗauka mu sauko wa Inna da muryarsa.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai bawa, da wanga tumbin za ka hau? Dutsin zai kai ƙara."

Na ce, "Ni da na taɓa hawan dutsen da sai da na sunkuya wata ya wuce?"

"A mafarkin bayan cin wake ba."

Mai masaukinmu, wani dattijo, ya raka mu har gindin wata kuka a bayan dutsen. Ya ce mu bi kashin awaki, shi ne hanya, kuma inda muka hau nan za mu sauko. Muka ce mun ji. Kowannenmu da jallabiya fara da rawani da markub, takalmin fatar nan mai santsin ƙasa, kamar masu zuwa ɗaurin aure.

Da farko ina ta zuba. Da muka ɗan yi sama na waiga, na ga kukar nan ta koma kamar tsintsiya, sai zubar ta ƙare. Ban taɓa ganin saman itace ba. Ban taɓa sanin shaho yana da baya ba sai ran nan, da na ga ɗaya yana shawagi a ƙarƙashina. Daga nan ban sake waigawa ba, idona na kan kashin awaki, ina bin sa da hannu da ƙafa kamar mai tsintar gyaɗa.

Rana ta take tsaka muka isa ƙoli. Wurin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, iska kuma na kaɗawa kamar tana da tsohuwar gaba da mu. Can nesa kogi ya zama zare. A zaune waya ba ta kama ba, sai an miƙe. Taubashi ya ce shi ubangida ne, ba ya tsayawa bawa na zaune. Ya danna abin ɗaukar murya, ya miƙo min, ya kama gefen jallabiyata da hannu biyu ya runtse ido.

Na miƙe. Na kira, ba ta shiga ba. Na sake, na sake. Can sai na ji tana ƙara, sannan wata murya a shaƙe ta ce, "Alo?"

Na san muryar nan tun tana kukan neman nono. Na kwarma ihu, na fara jero masa tambaya da labari gaba ɗaya, ya ce, "Yaya, rage surutu, batir ya kusa mutuwa." Ya faɗi abin da zai faɗa a gurguje, bai fi a sha kofin ruwa ba, layin ya yanke. Iska ta hana taubashi jin komai. Na zube kusa da shi ina dariya ina hawaye, na ce, "Yana da rai! Muryar na ciki?" Ya duba ya ce tana ciki. Na karɓe wayar na ce ni zan kai wa Inna da hannuna.

A nan ne muka ga hadarin. Ya taso daga gabas baƙi ƙirin, har ya riga ya cinye rabin kogin. Iskar ta sauya, ta yi sanyi, tana warin ƙasa.

Muka juya mu sauka, hanya ta ce ban san ku ba. Daga ƙasa dutse fuska ɗaya gare shi, daga sama kuwa kowane gefe ɗan'uwan ɗaya ne. Muka nemi kukar, ba mu gan ta ba. Muka nemi kashin awaki, a kan falalen dutse iska ta share komai. Muka zaga nan, muka zaga can. Aka yi wata tsawa da na ji ta cikin haƙorana.

Sai taubashi ya nuna wani kwari tsakanin duwatsu, inda ruwan shekaru ya zana farin layi a jikin baƙin dutse, ya gangara ƙasa sumul.

"Ga hanyar ruwa."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Ko gardama ba mu yi ba, mu da ke gardama a kan ko yau Talata ce. Ruwa ai ƙasa za shi, ƙasa kuwa nan mutane suke. Abin da aka raine mu a kai ke nan.

Da fari kwarin ya yi mana kirki, har da 'yan matakai. Sannan ya fara tsukewa, bango ta dama, bango ta hagu. Muka iso wani gangare mai sulɓi kamar cikin kwano, tsawonsa ya yi mutum biyu. Muka zauna muka zame, markub ɗina ɗaya ya yi gaba bai jira ni ba. Muka dira cikin wani ɗan kwarmi mai yashi a ƙasa. Takalmin kuwa ya ci gaba da tafiya, ya kai bakin kwarmin, ya ɓace.

Na kasa kunne in ji faɗuwarsa. Ban ji ba.

Taubashi ya kwanta rub da ciki ya ja jiki ya leƙa. Ya daɗe. Da ya dawo fuskarsa ta zama toka.

Na ce, "Yaya hanyar?"

Ya ce, "Babu."

"Babu kamar yaya?"

"Ruwan tsalle yake yi daga nan, ɗan gwaggo."

Tunda muke bai taɓa ce min ɗan gwaggo ba sai ranar da mahaifina ya rasu. Ruwan ƙasarmu tafiya yake kamar dattijo, ba wanda ya taɓa gaya mana akwai ruwan da ke faɗowa daga sama ya tarwatse ya kuma tashi ya ci gaba da harkarsa.

Muka juya ga gangaren da muka zamo. Na yi gudu na ɗafe shi, na sulmiyo. Taubashi ya cire takalmi ya gwada, ya kai rabi ya dawo da gwiwa a goge. Babu abin kamawa ko na farce. Muka yi kururuwa, dutsen ya maido mana da muryoyinmu. Sai ɗigon farko ya faɗo min a goshi, mai nauyi kamar ƙwallon goruba.

A lokacin ne na gane inda muke tsaye. Farin layin nan da muka biyo ya ratsa ta tsakanin ƙafafuna ya nufi bakin ramin. A jikin bango kuma, daidai ƙirjina, ga busasshiyar ciyawa maƙale, wadda ruwan baya ya bari. Duk ruwan da zai sauka a kan dutsen nan, ta nan zai wuce. Cikin tur'ar muke, an kuma kusa buɗe ƙofar madatsa.

Ban yi tunanin mutuwa kamar yadda malamai ke faɗa ba. Abin da ya zo min shi ne Inna a kan angarib tana jiran murya ɗaya, a shigo a ce mata ta rasa 'ya'yanta biyu, har da ɗan yayanta. Ga muryar a aljihuna, ba ta da ƙafar sauka.

A bangon dama, sama da inda hannu ke kaiwa, wani ɗan baure ya tsiro cikin tsaga, saiwoyinsa sun bi jikin dutse kamar jijiyoyin hannun tsoho. Taubashi ya dube shi, ya dube ni.

"Duƙa."

Na duƙa. Ya taka bayana, ya taka kafaɗuna, na miƙe da shi a hankali ina jingine da bango.

Da murya kamar ta ɗan akuya ya ce, "Yau dai ubangida ya hau bawansa."

Na ce, "Hau, don Allah, hau. In mun sauka na yarda har a rubuta."

Ya kama saiwar, ta riƙe. Nauyinsa ya bar kafaɗata, na ga tafin ƙafarsa na neman wurin takawa, sannan ya ɓace a bayan bauren. Ruwan sama ya kece gaba ɗaya.

Daga sama taubashi ya ce in jefo rawanina. Na warware na dunƙule na jefa, ya cafe. Ya ƙulla da nasa, ya ɗaure a gindin bauren, ya sako min bakin. Ya ce, "Jefo wayar!" Na fito da ita, na dubi bakin ramin. In na jefa ta kuskure, shi ke nan. Sai na yi abin da kowane ɗan Jazira ke yi in zai tsallaka tur'a da abu mai daraja: na ɗaga hulata na sa wayar a ka, na danne da hular.

Sannan na ji shi. Wani gurnani daga sama, kamar lori na gangarowa ba birki. Ruwan ya zubo ta gangaren nan ja wur, da tsakuwa da karmami, ya bugi ƙwaurina, kafin in ce bismilla ya kai gwiwa. Sanyinsa kamar wuƙa. Yana jan jallabiyata zuwa bakin ramin kamar yaro mai naci.

Na naɗe rawanin a hannu na fara ja. Yadin ya yi ƙara. Na tuna a kasuwar Madani na saye shi, na tuna na taya shi da arha har mai shagon ya yi fushi, na roƙi Allah kada arhar nan ta fito yau. Ƙafata ɗaya da takalmi, ɗaya babu, mai takalmin sai zamewa take, na fizge shi na ba ruwa. Taubashi na ja yana salati yana zagina a numfashi ɗaya. Ƙirjina na gogar dutse, fatar hannuna na saɓulewa. Na ɗaga kai in ga saura nawa.

Mai tsallaka tur'a ba ya ɗaga kai. Mai hawa dole ya ɗaga. Ga shi babu rawanin da zai riƙe hular. Na ji ta zame ta ƙeya, na ji wani ɗan abu ya taɓa bayana sau ɗaya. Da na waiga, hular ce kawai na gani tana juyi a kan jan ruwa, ta kai baki, ta tafi.

Wallahi saura kaɗan in saki rawanin in bi ta. Taubashi ne ya damƙi wuyan rigata ya ce, "In ka saki sai na kashe ka!" Ya fizgo ni, muka zube a bayan bauren, ruwa na dukanmu, ƙarƙashinmu kwarmin da muka tsaya ya cika ya tumbatsa.

Ban san iya zaman da muka yi ba. Da ruwan ya tsagaita muka rarrafa ta gefen dutsen. Can a ƙarƙashin wani dutse inda ruwa bai taɓa ba na ga 'yan ƙwallaye baƙaƙe a tare. Kashin awaki. Na ga zinariya a shagunan Madani, ba ta taɓa yi min kyau kamarsa ba. Muka bi shi, ya zaga da mu, ya sauke mu a gindin kukar, ba takalmi, ba hula, jallabiya ta koma kalar ƙasa.

A hanyar shiga gari taubashi ya ce zai ba da shaida.

Na ce, "Ka ji muryarsa?"

"Ban ji ba. Amma sai in ce na ji."

Na ce a'a. Inna ta san bakinmu ɗaya tun muna satar rake.

Rana ta yi ja muka shiga gida. Mata suka yi salati da ganinmu, na wuce su. Inna na nan yadda na bar ta, kwanon asida a rufe a ƙasan angarib. Na durƙusa. Duk hanya ina neman yadda zan ƙawata maganar, amma da na buɗe baki sai na tarar kayan adon duk sun bi ruwa.

"Inna, na same shi. Wayar ta faɗi, muryar ta tafi da ita."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "To."

Na ji "to" ɗin nan fiye da tsawar kan dutse. Ruwa yana ta ɗiga daga gemuna. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mi ya ce?"

"Ya ce yana Gadarif. Yana dako a kasuwa. An ƙwace rakshar. Ya ce in rage surutu batir zai mutu."

"Sai mi?"

"Ya ce ko mun kwance jakinmu kafin mu baro gida. Na ce mun kwance. Sai layin ya yanke."

Ta juyo a hankali. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi hannuwana da suka saɓule, sannan ta kafe ni da ido.

"Bai ce a gaishe ni ba?"

Ga ƙofa a buɗe. Da a wata rana ce, da na kawo mata gaisuwa buhu-buhu har da kuka da neman gafara. Na ce, "Bai ce ba, Inna. Bai kai nan ba."

Sai na ga haɓarta na motsi.

"Ɗan banza," in ji ta. "Jaki ya tuna." Hawaye ya bi ta gefen idonta ya shiga kunne. "Shi ne. Da kai ka ƙaga shi, da yanzu yana da lori biyu da mata a Gadarif."

Ta miƙo hannu na tashe ta zaune. Ta dubi kwanon da ke ƙasa ta yamutsa fuska, ta ce wannan ta sandare, a ɗumama, a kuma ƙara miya. Taubashi na tsaye a bakin ƙofa yana matse rigarsa, ta ce masa, "Kai kuma shigo ka zauna, ka tsaya nan kamar sandar rumfa."

Ya ce, "Gwaggo, a shaida, yau na hau bawana."

Ta ce, "Ku rufe min baki in ci abinci."

Ta ci loma uku ko huɗu, ta huta, ta ƙara. Ni ban iya cin komai ba, hannuna ya ƙi riƙe ko cokali.

Tun daga lokacin na ba da labarin dutsen nan a wurare da yawa, kuma kowace shekara yana ƙara tsawo. A wajen wani suna na ce har gajimare muka taka. Amma kwarmin nan ban taɓa ƙara masa ko taki ɗaya ba. In na zo wurin sai muryata ta ragu da kanta, in ji tafin ƙafata na neman ƙasa.